Hitar gas ko ta lantarki? Abin da sanyin Jos ya koya mini a ɗan fulat ɗina

Yau ba maganar canjin sikirin ko batirin da ya kumbura na zo muku da ita ba. Sanyi ya fara shigowa, kuma a satin nan kaɗai mutum uku sun tambaye ni a shago ko gara su bar hitar lantarki su koma ta gas, tunda kuɗin wuta ya zama abin da ya zama. Duk wanda ya yi mini wannan tambayar sai in ajiye abin da ke hannuna in ce ya zauna, domin amsarta ba ta tsaye ba ce. Ni ma bara na yi wa kaina ita, na amsa da gaggawa, kuma saura ƙiris in rasa mutum uku a dare ɗaya.

Ni dai mai gyaran waya ne a wajen Terminus, nan cikin Jos. A sakandare na tsaya, ba injiniya ba ne. Abin da nake da shi maltimita ce da bulowa da kuma son yin lissafi, to da su zan yi maka bayani.

Inda nake haya ɗan fulat ne a saman bene: ciki da falo, kicin da banɗaki. Wanda bai taɓa kwana a Jos a watan Disamba ba zai ɗauka ƙari muke yi. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma in hunturu ya kankama, da asuba ruwan alwala sai ka ji kamar ana yanka maka yatsu. Maltimitata tana da ɗan wayar gwada zafi, na taɓa rataye shi a ɗakin kwana ya nuna mini digiri 14 da asuba, a cikin ɗaki fa, ƙofa a rufe.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Allah ya sauki maiɗakina lafiya, muka samu 'ya mace. Mahaifiyarta ta rasu, don haka ba ta tafi gida wanka ba, Gwaggonta ce ta zo ta zauna da mu har a yi arba'in. Su uku suna ciki, ni na koma falo. Ka san wankan jego ba ya yiwuwa sai da tafasasshen ruwa safe da yamma, ga shi mai gidan tun ranar da na kama haya ya ce ba itace ba gawayi a bene. Sai na sayo hitar bokiti mai wat 2,000 saboda ruwa, na ƙara da hitar ɗaki mai fanka, ita ma wat 2,000, saboda jaririya.

Ranar Litinin na sa katin naira 10,000. Ranar Laraba da asuba mita ta fara kuka. Na ɗauka wani ne ya ja mini waya, har na hau na duba. Babu wanda ya taɓa komai, mu ne muka sha abinmu.

Bari in nuna maka yadda aka yi, domin in ka gane wannan ka gane rabin zancen. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Cazar wayarka mai wat 20 sai ta yi awa 50 tana aiki kafin ta sha yunit ɗaya. Hita mai wat 2,000 kuwa cikin minti 30 ta gama da shi. Duk abin da aikinsa shi ne yin zafi, hita, dutsen guga, butar lantarki, har bulowar da nake cire aisi da ita, shi ne mai cin wuta. Fitila da fanka da waya 'yan rakiya ne.

Layinmu yana cikin rukunin da ake kira Band A, wato waɗanda aka ce za a riƙa ba su wuta aƙalla awa 20 a rana. A ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗin wannan rukuni zuwa naira 225, a watan Mayu aka sauke shi zuwa 206.80, a Yuli ya koma 209.50. In ka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari, ya sake komawa wajen naira 225. Kenan a lokacin naira 10,000 yunit 44 take ba ni, alhali kafin ƙarin tana ba ni sama da 130.

Hitar ɗaki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe awa 8 kenan, yunit 16, naira 3,600. Ruwa kuma na gwada da kaina: na rubuta abin da ke kan mita, na kashe komai, na sa hita a bokiti mai lita 20 har ya tafasa, na sake dubawa. Yunit 2.2, wajen naira 495. Gwaggo bokiti huɗu take buƙata a rana, kusan naira 2,000. Haɗa su ka gani: naira 5,600 kullum, ban da firij da fitilu. A wata ɗaya ya haura naira 160,000. Wallahi akwai watan da ban tashi da ribar da ta kai haka a shago ba.

Ina cikin wannan damuwar muka yi hira a WhatsApp da wani abokina da muka tashi tare, yana karatu a Ingila. Na ba shi labari, ya yi dariya ya ce, "Kai mutumina, wa yake ɗumama ɗaki da lantarki in yana da hanyar gas? Mu nan yunit ɗin gas kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na kuɗin lantarki." Gaskiya ya faɗa. Laifina shi ne ban tambaye shi yadda nasu yake aiki ba. Na ji kalmar gas, na ji kalmar arha, shi kenan na tashi.

Na yi bincike a waya na ga kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki. A lokacin naira 1,300 aka sayar mini da kilo. Raba 1,300 gida 13, naira 100 kenan a kan kowane yunit, maimakon 225. Zafin da hitar lantarki ke ba ni a naira 3,600, gas zai ba ni a wajen 1,600. Lissafin nan daidai yake, har gobe ban ga kuskure a cikinsa ba. Abin da ban saka a ciki ba shi ne iskar da mutanen da ke ɗakin za su shaƙa.

Washegari na shiga kasuwa na sayo irin hitar nan da ake ɗaurawa a kan tukunyar gas, mai raga a gaba da ke yin ja in ta ɗauki zafi. Ba ta da takarda, ba ta da sunan kamfanin kirki, ba ta da abin da zai kashe ta da kanta. Na kai gida ina ta murna. Gwaggo ta dube ta ta ce, "Ɗan nan, wannan abin ba ya hayaƙi?" Na ce, "Gwaggo ku kwantar da hankalinku, ai ba gawayi ba ne, gas ba ya hayaƙi." Don kada ɗumin ya gudu, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Tagar kuwa dama tun farkon hunturu na liƙe gefunanta da salatif saboda ƙura. Da hannuna na yi wannan.

Daren farko ba a daɗe da kunna ta ba Gwaggo ta kashe, ta ce zafin ya yi yawa. Da safe maiɗakina ta ce kanta yana ɗan sarawa, muka ce rashin barci ne na mai jego. Dare na biyu sanyin ya tsananta, aka bar ta a kunne.

Wajen ƙarfe 3 na dare na ji an buɗe ƙofar ɗaki da ƙarfi. Gwaggo ce ta fito tana dafa bango, ta zube a bakin ƙofa tana cewa, "Ɗan nan, kaina zai tsage, jiri nake gani." Na shiga da gudu. Ɗakin ya yi wani irin ɗumi mai nauyi, gilashin taga yana ta zubar da ruwa kamar an watsa masa, ragar hitar ta yi baƙi ta gefe, wata 'yar wuta ruwan ɗorawa tana lilo a samanta. Na tashi maiɗakina da ƙyar, ta buɗe ido ta ce, "Yaya, ƙafafuna sun ƙi," sai amai. Jaririyar da kullum ƙarfe 2 take tashi neman nono, ranar ba ta tashi ba. Na ɗauke ta jikinta ya saki, kukan ma da ƙyar yake fita.

Na rufe kan tukunyar, na yage salatif na buɗe taga, na fitar da su baranda cikin wannan sanyin, na buga wa maƙwabcina mai mota ƙofa. A asibiti tambayar farko da ma'aikaciyar jinya ta yi mini ita ce, "Gawayi kuka kunna ko janareto?" Na ce gas ne. Ta ce duk kanwar ja ce. Aka sa musu iskar oksijin, aka riƙe su har yamma. Alhamdulillahi dukkansu sun warware, yarinyar yanzu har ta fara takawa. Amma zaman da na yi a bencin asibitin nan ba na fatan ko maƙiyina ya yi irinsa. Ni da kullum nake wa kwastoma faɗa kada ya sa waya a caji ƙarƙashin filo, ni ne na rufe iyalina da wuta a ɗaki saboda naira 2,000.

Ga abin da ya faru, yadda na fahimce shi daga baya. Kowace irin wuta sai ta ci iskar oksijin take ci, kuma oksijin kashi 21 cikin ɗari ne kawai na iskar da muke shaƙa. Kilo ɗaya na gas yana buƙatar iska sama da mita 12 murabba'in ɗaki, wato faɗi da tsawo da tsayi, kafin ya ƙone tas. Ɗakinmu sha biyu sha biyu ne, duka iskar cikinsa ba ta wuce mita 37 ba a irin wannan awon. Gas ɗin dare ɗaya zai cinye oksijin ɗin kusan rabin ɗakin, ga mutum uku su ma suna numfashi, ga ƙofa da taga na toshe. Da oksijin ya fara raguwa sai wutar ta daina ƙonewa da kyau, ta fara fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksayid.

Wannan iskar ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin da kake ji in gas yana yoyo wani sinadari ne da ake zuba masa da gangan don a gane, ita kuwa wannan ba ta da komai. In ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jinin ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Ka ga duk abubuwan da mutum zai ce zazzaɓi ne ko gajiya. Jarirai da masu ciki da tsofaffi ta fi saurin kayarwa. Ita ce dai take kashe mutanen da suka kwana da kaskon gawayi, ko suka shigar da janareto cikin gida don gudun ɓarayi. Ruwan da na gani a gilashi kuma daga wutar yake: kowane kilo na gas in ya ƙone yana sakin tururin ruwa kusan lita ɗaya da rabi. Mu masu gyara mun san abin da danshi ke yi wa fanel ɗin waya, to haka yake yi wa bango da katifa da kayan sawa.

Bayan kwana biyu na kira abokin nan nawa ta bidiyo na ce, "Don Allah nuna mini wannan gas ɗin naku." Ya shiga kicin ya buɗe wata 'yar durowa a bango, ga wani farin akwati da suke kira boila. Gas yana zuwa masa ta bututu daga titi, ba tukunya ake cikowa ba. A cikin akwatin wutar take ci, a rufe ruf. Ya fita waje ya nuna mini wani bututu da ya huda bango yana fitar da farin tururi: ta nan akwatin yake jan iskar waje, ta nan kuma yake fitar da hayaƙinsa. Wutar ruwa kawai take dafawa, famfo ya tura ruwan cikin bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa da ke jikin bangon kowane ɗaki, kamar lagireton mota, su saki ɗumi, ruwan ya koma a sake dafa shi. A sama kuma ga wani ɗan abu kamar sabulu a manne, ƙararrawar da ke ihu in ta ji iskar gubar nan. Ya ce doka ce a can duk mai gidan haya sai ya kawo ƙwararre mai lasisi ya duba kayan gas sau ɗaya a shekara.

Sai a lokacin na gane. Su ruwan zafi ne yake shiga ɗakin kwanansu, wutar da hayaƙinta ba sa shiga. Ni kuwa wutar na ɗauka gaba ɗaya na kai musu gefen katifa. Suna ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne.

Ya ƙara mini da cewa ko a can ma mai ƙaramin fulat sai ya yi tunani kafin ya bar lantarki ya koma gas. Jawo bututu da sayen boila da kafa ƙarafan bango dubban fam ne, ga kuɗin mitar gas da ake cira kullum ko ka kunna ko ba ka kunna ba, ga kuɗin dubawa duk shekara. In ɗakunanka biyu ne kuma ba ka wuni a gida, sai ka yi shekaru ba ka mayar da kuɗinka ba. Wato ko inda abin yake da tsari, arhar yunit ita kaɗai ba ta yanke hukunci.

Daga nan na zauna na raba matsalar gida biyu, abin da ya kamata in yi tun farko. Dafa ruwa daban, ɗumama ɗakin kwana daban.

Na fara da ruwa. Na ari sikelin rataye irin na awon kaya, na auna tukunyar gas, na ɗora lita 20 a babbar tukunya da murfi a kicin, taga a buɗe, har ya tafasa, na sake aunawa. Giram 300 ya ci, wato naira 390. Lantarki ya ci 495. Ka ga bambancin bai kai yadda nake zato ba, saboda a kan risho kusan rabin zafin ta gefen tukunya yake gudu, ita kuwa hitar bokiti a cikin ruwan take, kusan komai nata a ruwan yake zama. Wani abin mamaki da na gani a gwajin: a nan Jos ruwa a wajen digiri 96 yake tafasa, ba 100 da aka koya mana a makaranta ba, saboda tsayin garin.

Daga wannan gwajin na fitar da ɗan lissafin da nake ba mutane. A wajen dafa ruwa, kilo ɗaya na gas yana yin aikin yunit 7 na lantarki. To ka ɗauki farashin kilo na yau a unguwarku ka raba shi gida 7, ka kwatanta da abin da kake biya a yunit ɗaya. In ba ka san kuɗin yunit ɗinka ba, duba saƙon katin da ka saya na ƙarshe, ka raba kuɗin da yawan yunit ɗin da aka ba ka. Nawa ya fito 186 na gas, 225 na lantarki, gas ya ci. Amma wani yayana da ke layin da ba Band A ba, yunit ɗinsa bai kai naira 80 ba a lokacin. Shi bokitin da nake dafawa a 495 bai kai masa 200 ba. In ya koma gas don neman sauƙi, ninki biyu zai riƙa biya. Don haka kada ka ji wani ya ce gas ya fi arha ka bi shi, layinku ba ɗaya ba ne, kuma farashin gas yau ya hau gobe ya sauka.

Sannan ka lissafa kuɗin kaya. Babbar tukunya mai kilo 12.5 da risho na ƙasa da kan tukunya da tiyo sun ci mini kusan naira 60,000. Abin da nake ragewa a rana naira 400 ne. Sai na yi kwana 150 kafin kuɗin ya dawo, jego kuwa kwana 40 ne. In don arha kaɗai ne, ban ci riba ba a wannan shekarar. Abin da ya sa ban yi nadama ba shi ne gas ba a ɗauke shi. Kowa ya tuna ƙarshen Oktoba 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda a duhu. Mai jego ba za ta jira a dawo da wuta kafin ta yi wanka ba. Kada kuma ka sa rai da ƙaramin janareto, wanda bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki hita mai 2,000 ba. Inbata ma haka: batir mai bolt 12 da amfiya 200 duka abin da ke cikinsa yunit 2.4 ne, rabi ake so ka sha don kada ya mutu da wuri, hita za ta gama da wannan cikin minti 35 ko makamancin haka.

Ɗakin kwana kuwa na yanke hukunci babu abin da ke ci da wuta da zai sake kwana a ciki, ko gas, ko gawayi, ko risho mai kananzir, ko da kyauta ake ba ni. Na koma lantarki, amma na canja yadda nake sha. Na sayar da mai fankar na sayi irin mai mai a ciki, wadda ke da maɓallin da ke kashe ta in ɗaki ya kai zafin da ka saita, ta sake tashi in ya huce. Ba wai ta fi waccan iya mayar da wuta zafi ba ne, duk hitar lantarki yunit ɗaya zafin yunit ɗaya take bayarwa. Amfaninta ba ta kwana tana aiki. Na shimfiɗa kafet a kan tayil, na sa labule mai kauri, na sake liƙe ramukan taga, tunda yanzu babu abin da ke cin iskar ɗakin sai mutane. Ana kunna ta bayan isha'i, a rage ta in an kwanta. Daga yunit 16 muka dawo wajen 5 a dare. Ruwan wankan yamma kuma sai mu cika baƙaƙen jarkoki mu ajiye a rana tun safe, ya ɗan yi ɗumi kafin a ɗora, gas ɗin da ake ci ya ragu. Da na fara da waɗannan tun ranar da mita ta yi kuka, da ban je kasuwa neman waccan hitar ba.

Kada kuma ka ɗauka lantarki ba shi da nasa haɗarin. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, soket ɗin bango kuwa 13 ne iyakarsa. In ka haɗa ta da dutsen guga a soket ɗaya, ko ka sa ta a ekstenshan ɗin nan mai siririyar waya da muke cajin waya da shi, zai narke. Ka sa ta kai tsaye a bango, bayan rabin awa ka taɓa fulogin, in ya yi zafin da ba ka iya riƙewa akwai matsala. Kada a shanya kayan jariri a kanta, kada ta kusanci labule ko gidan sauro. Hitar bokiti kuma a zare ta daga soket kafin a sa hannu a ruwa, kuma kada a bar yara kusa.

Gas ɗin kicin shi ma yana da ƙa'idarsa. Taga a buɗe duk lokacin da yake kunne. Wutarsa shuɗiya ake so, in ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, kan rishon yana buƙatar wanki ko gyara. In ka canja tukunya, ka kaɗa ruwan omo ka shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunyar, in ya yi kumfa yana tashi to yana yoyo. Kada ka taɓa gwadawa da ashana. Tiyon da ya fara tsagewa a canja shi, kada a naɗe shi da salatif. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya, daidai inda masu katifa a ƙasa suke sa kai, shi ya sa tukunya ba ta kwana a ɗakin barci. In ka shigo ka ji warinsa, kada ka kunna fitila kada ka kashe, kada ka danna komai na wuta, ka rufe kan tukunyar, ka buɗe ƙofa da tagogi, kowa ya fita.

Na kuma yi odar ƙararrawar nan mai batir irin wadda abokina ya nuna mini, na manna ta tsakanin kicin da ƙofar ɗaki. Kuɗinta bai kai na canjin sikirin ɗin wata wayar ba. Ka lura wajen saye, mai jin hayaƙin gobara daban, mai jin yoyon gas daban, mai jin kabon monoksayid daban, ka karanta jikin kwalin ka ga an rubuta CO. Tana da maɓallin gwaji, ina danna shi duk ranar Juma'a. In kuma ka ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, kuma akwai wani abu da ke ci da wuta a kusa, kada ka tsaya ba su farasitamol. Ka fitar da su waje, a tafi asibiti, a faɗa wa likita abin da aka kunna.

To ɗan uwa, in ka tambaye ni ko ka koma gas, ga amsata. In ruwa da girki kake nufi, yi lissafin raba bakwai ɗin nan, ka ɗora kuɗin kaya, ka duba yawan ɗauke wuta a layinku, abin da ya fito ka bi shi. In ɗakin da iyalinka ke kwana kake nufi, kuma abin da za ka kunna ba shi da bututun da ke fitar da hayaƙinsa waje, amsar a'a ce, ko nawa yunit ya kai. Bargo da safa da hula sun fi shi.

Waccan hitar tana nan a shago ƙarƙashin tebur, na cire mata kai don kada wani ya ɗauka. Wani ya taya ta naira 8,000 na ce ba ta sayarwa ba ce. Ranar da Gwaggo za ta koma gida na raka ta tasha, na ɗan sunkuyar da kai na ce su yafe mini. Ta ce, "Allah ya riga ya kiyaye, ɗan nan. Amma in tsohuwa ta tambaye ka ko abu yana hayaƙi, ka tsaya ka duba kafin ka ba ta amsa."

Wanda ya san mai jego ko tsoho a gidan da ake kwana da gawayi ko hitar gas, don Allah ya isar masa da wannan kafin sanyin ya yi nisa. Allah ya tsare mu da iyalanmu.